Goman Maraɗi: Yadda Kokowar Ƙauye Ta Kai Ga Takobi

Wanda ya bi kwaltar da ta taso daga Birnin Ƙonni ta nufi Damagaram zai ratsa Gidan Rumji, ya wuce Tsibiri, ya gilma ta Maraɗi, sannan Cadawa, Agye da Gazawa, kafin ya hango Tasawa. In aka cire birnin Maraɗi, da wuya a duk tsawon tafiyar nan ya ga allon wata ƙungiyar wasa mai ofis da akawu da 'yan wasa masu jiran albashin ƙarshen wata. Amma ya tsaya a kowace tasha, ya tambayi yaron da ke tallar dafaffen ƙwai wane ne ƙaton garinsu a kokowa. Zai ji suna, ya ji sunan uba, ya ji garin da aka je aka yi kaye bara, har da yadda aka kama ƙafar. Ƙungiyar wasa ta wannan ƙasa ita ce garin kansa, kuma ta girmi duk wata takardar rajista.

Kafin a yi zancen fili sai an yi zancen yadda garuruwan suka samu. Bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, suka yi ta gudun hijira har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa su ma, bayan kashin da suka sha tare da Katsinawan Maraɗi a Gawakuke a 1836, sun kafa Tsibiri ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, 'yar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Tsibirin nan a yau tana cikin gundumar Gidan Rumji. Kusan ƙarni guda mutanen yankin suka yi a takure cikin ganuwa da duhuwar gulbi, don hari ba ya ƙarewa tsakaninsu da ƙasar Sakkwato. Noma a nesa da ganuwa kasada ce. Namiji kuwa ana auna shi da abin da zai iya a ranar da ƙura ta tashi.

Da Nasara ya zo a farkon ƙarni na 20, yaƙe-yaƙen suka kwanta, sai mutane suka fantsama cikin dajin da a da ba a iya kwana. Mutum ya ɗauki iyalinsa da gatarinsa, ya sami wuri ya yi sassabe, ya haƙa rijiya, ƙannensa su biyo shi, shekara goma sai ga gari. Sunayen suna nan suna ba da shaida: Gidan wane, Garin wane, Ɗan kaza. Gidan Rumji da Gidan Sori kansu ba su ɓoye cewa daga gida guda suka fara ba. Ta gabas kuma, a ƙasar Agye da Gazawa da Gangara, jigawa mai yashi da kwarin Gulbin Kaba suka cika da ƙauyuka, wannan ya fito daga wancan, wancan ya auri 'yar wannan. To, inda duk aka sami garuruwa biyu masu kaka ɗaya, an sami gasa. Babu sauran ganuwar da za a kare, babu ganimar da za a kwaso, amma tambayar wane gari ne ya fi maza ba ta mutu ba. Ta koma gona da dandali.

A gona ake fara sanin ƙato. Ranar gayya, samarin gari sun jeru da hauya, makaɗi na binsu a baya, 'yan mata na kawo fura, kowa na ganin wanda ya fara kai ƙarshen kunya da wanda ya tsaya dafe da ƙugu. Wannan ƙasa ce da ta san sarautar Sarkin Noma da bikin dubu, inda manomin da ya tara dami dubu yake kiran jama'a ya raba, ya sayi suna da abin da ƙarfinsa ya samar. Ɗan kokowa ɗan wannan gidan ne. Hannun da ya saba da ɗaure dami da jan guga a rijiya mai gaba ashirin ko fiye shi ne hannun da in ya riƙe wuya ba ya saki.

Sai kaka ta yi, rumbu ya cika, wata ya haska. Yara ƙanana su ke buɗe fili, suna birgima cikin rairayi manya na dariya. Daga nan samari, sai can dare ya raba manyan su miƙe. Gari kan aika wa maƙwabcinsa goron gayyata, baƙi su zo da makaɗinsu da 'yan rakiya, a sauke su a gidan sarkin samari, a yi musu tuwo. Babu ma'aunin nauyi, babu agogo. Ka fito ka yi kirari, ka zagaya fili, ka tsaya gaban wanda kake so, in ya ga zai iya ya tashi. Dattawan da suka yi zamaninsu su ne alƙalai, kuma hukuncinsu guda ne: wanda ya sha ƙasa ya sha. Ladan wanda ya yi kaye bai wuce goro da 'yan daloli da zanen da wata budurwa za ta yafa masa ba. Babban ladan shi ne a koma gida ana kiɗa, kuma a kasuwar Cadawa ta mako mai zuwa mutanen garinsa su yi ciniki da ɗaga murya.

Haka abin yake har zamanin gyaɗa. A shekarun 1950 da 1960 ƙasar Maraɗi ta zama rumbun gyaɗar Nijar, kuɗi suka shiga ƙauye, Alhazan birni suka yi ƙarfi. Mai kuɗi kuma yana son a kira sunansa a taro. Ta nan ɗan kokowa ya fara samun ubangida, wanda zai ɗinka masa riga, ya biya masa mota zuwa wasa mai nisa, ya yi masa kari a gaban jama'a. Gwanaye suka fara yawon rani da ƙarfinsu, daga wannan kasuwa zuwa waccan, har su ƙetara iyaka ta Jibiya su shiga ƙasar Katsina, don iyakar ba ta taɓa raba kiɗan ganga ba.

Abin da ya sauya komai shi ne fari da juyin mulki. Yunwar 1973 da 1974 ta karya gyaɗa, ta kashe dabbobi, ta zubar da mutuncin gwamnatin Diori Hamani. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kountché. Sabon shugaban ya rushe jam'iyya, don haka yana bukatar wata igiya da zai ɗaure ƙasa da ita. Ya farfaɗo da samariya, tsohon tsarin matasan ƙauye, ya mai da shi hannun hukuma a kowane gari. Kuma ya lura da abin da kowane ɗan ƙauye ya riga ya sani: Bahaushe da Bazabarme da Babarbare ba sa jin yaren juna a kowane lokaci, amma duk sun san ma'anar bayan mutum ya taɓa ƙasa. A 1975 aka shirya gasar kokowa ta ƙasa ta farko a Tawa, aka sa takobi a matsayin kambu. Wanda ya ɗauke shi mutumin Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu.

Ba ƙaramin abu ba ne takobin farko ya sauka a wannan jiha. Tun daga ranar, duk yaron da ke kokowa a dandalin Saye Sabuwa ko Gangara ya san akwai wani tsani da ya wuce garin maƙwabta. Kantu ya zama ma'auni. Zamaninsa ne zamanin Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram, mazan da har yau tsofaffi in sun fara zancensu sai shayi ya huce. Ƙasa ta saka musu da abin da ya fi kuɗi daɗewa: babban filin kokowa na Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Doso sunan Salma, na Damagaram sunan Langa-Langa. Ku duba, filin ƙwallo mafi girma a Yamai sunan shugaban ƙasa aka sa masa, amma filayen kokowa na jihohin nan sunan talakawan da suka yi suna da ƙarfin damtsensu.

Rediyo ya ƙarasa aikin. Muryar Sahel ta riƙa kawo wasan kai tsaye, mai sharhi na zuba Hausa da Zabarmanci, mutane sun kewaye akwati guda a gindin bedi, an kashe kuɗin batir ba a yi nadama ba. Daga baya talabijin ta zo, sannan gidajen rediyo masu zaman kansu irin su Anfani. Muryar Sagalo, mawaƙin 'yan kokowa, ta shiga gidajen da mai gidan bai taɓa taka birni ba. Manomi a ƙasar Agye ya wayi gari ya san sunayen ƙattin Difa da Agadas kamar tare suka yi kaciya.

A nan ne kokowa ta zama wasan ƙungiya, kuma tsarin ya cancanci a tsaya a kansa. Kowace jiha tana kawo mutum goma. Jihohi takwas ne yanzu, tun da aka fitar da Tilaberi daban da Yamai, wato maza tamanin ke nan. Kwana bayan kwana jiha na karawa da jiha, goma da goma, ana lissafin wadda ta fi yawan kaye. Wanda duk ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, sai waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba ne ke ci gaba har a rage biyu. Amma wanda ya faɗi ba ya tattara kayansa ya tafi gida. Yana nan cikin goman jiharsa, gobe zai sake shiga, kuma ba shi da sauran abin da zai yi asara. Irin wannan shi ne mugun abokin karo. Sau da yawa ƙaton da ake ganin takobi nasa ne yakan gamu da ajalinsa a hannun wani da aka kayar tun ranar farko, wanda ya shigo da niyya guda, ya share wa ɗan jiharsa hanya. Ni a ganina wannan ƙa'ida ita ce mafi hikima a duk tsarin, don ta ɗauko ɗabi'ar gayya ta sa a cikin gasa: ko ƙarfinka ya gaza a kunyarka, akwai sauran aiki a gonar.

Su goman nan daga ina suke fitowa? Jihar Maraɗi gunduma takwas gare ta ban da birnin: Agye, Bermo, Dakoro, Gazawa, Gidan Rumji, Madarumfa, Mayahi da Tasawa. Gazawa na cikin ƙannen gundumomin nan, don sai a 2011 aka yanke ta daga Agye, ita da Gangara. Kafin gasar ƙasa kowace gunduma takan tace nata, a kawo su filin Kantu su kara, a fitar da waɗanda za su ɗauki tutar jiha, sannan a killace su ana ciyarwa ana horarwa har ranar tafiya. Ranar da suka shiga fili da riga iri ɗaya, mai sharhi zai ce ga Maraɗi nan. A ƙauye kuwa ba haka ake ji ba. Ana jin ga ɗan gidan wane nan, wanda gonarsu ke gabas da rijiya. Jiha aro take yi, na mako biyu, ta mayar.

Kwatanta wannan da ƙwallon ƙafa, sai bambancin ya fito. Birnin Maraɗi yana da tarihinsa a ƙwallo: Jangorzo ta ci kofin zakarun Nijar a 1983, a lokacin da kusan kullum kofin a Yamai yake kwana, kuma Ɗan Kasawa, mai ɗauke da sunan sarkin da ya kafa daular, ta daɗe tana wakiltar birnin a rukunin farko. Sunaye ne masu saiwa. Sai dai ƙarfin ƙwallon Nijar ya daɗe da komawa hannun ƙungiyoyin ma'aikatu: ta soja, ta jandarma, ta 'yan sanda, ta kwastan, ta kamfanin mai, ta kamfanin lantarki. Su ke da albashi, su ke iya biyan motar da za ta kai 'yan wasa Arlit ta dawo da su. To, wa zai yi kuka don kwastan ta sha kashi, in ba ma'aikacin kwastan ba? Yaron Cadakori mai son ƙwallo ya fi sanin 'yan wasan Barcelona da Real Madrid, waɗanda yake kallo a gidan kallo da wutar janareta, fiye da na kowace ƙungiya ta Yamai. Ƙwallo na da masoya a kowane lungu na ƙasar nan, ana buga ta ba takalmi har magariba, amma tsanin da zai ɗauki yaro daga filin makarantar ƙauye ya kai shi gaban shugaban ƙasa, yana amsa sunan garinsu, kokowa ce ta gina shi.

Bayan Kantu jihar ba ta rasa magada ba. An yi Labo Mai Ƙafo, aka yi Umaru Ali Bindigau wanda ya dawo da takobi gida a shekarun 2000, ya kuma yi suna a karawar da ake yi da ƙattin Senegal da Najeriya a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga nan sai abin ya yi nisa. Takobi ya riƙa zagaya Agadas da Damagaram da Yamai da Tawa, sannan Kadri Abdu na Doso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya zo ya mamaye zamani, har ya ɗauki na shida a Agadas a ƙarshen 2023, kafin Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi a gidansu, a Doso, a Disambar 2024. Ko da Maraɗi ta karɓi baƙuncin gasar a farkon 2020, a cikin filin Kantu, baƙo ne ya tafi da takobin, Usman Hasan na Tilaberi. Wanda ya san Maraɗawa ya san irin ɗacin da wannan ya bari.

Dalilan da ake kawowa a majalisu suna da yawa, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko kuɗi. Kyautar sarkin kokowa a yau ta haɗa da takobi da doki da babbar riga da rawani da miliyoyin sefa, ban da abin da 'yan kasuwa da 'yan siyasa da kamfanonin waya ke zubawa. Inda kuɗi suka shiga, ƙafa takan bi. Ɗan kokowa kan tashi a wata jiha ya je ya yi wa wata wasa, ko don ubangida ya kira shi da alƙawarin aiki da gida, ko don a jiharsu maza sun yi yawa, shiga cikin goma ya fi cin takobi wuya. Jihohin da ke da yalwar ƙatti, irin Maraɗi da Tawa da Damagaram, su suka fi jin wannan zubar. Sai ka ga ƙauye ya rabu biyu a gaban talabijin: tutar jiha a gefe guda, ɗan gari sanye da rigar wata jiha a ɗaya gefen. Galibi jini ke rinjaya.

Senegal ta bi wannan hanya har ƙarshenta. Can 'yan kokowa suna cikin ƙungiyoyi na dindindin masu sunan unguwanni, irin Fass da Pikine, masu shirya wasa na sa hannu a kwangila da su, kuma karo guda na manya irin su Yekini ko Balla Gaye na biyu yakan kai kuɗin da ɗan kokowar Nijar ba zai gani ba a duk rayuwarsa. Nijar ba ta kai can ba. Ɗan kokowarmu ƙwararre ne na rabin shekara. Da rani yana bin gasar da wani Alhaji ko wani kamfani ya sa, yana ƙetarawa Najeriya in an gayyace shi. Hadari na haɗuwa sai ya koma gida ya ɗauki hauya. Wasu na ganin wannan koma baya ne. Ni ban cika yarda ba, ko da yake na san maganar mai ƙoshi ce, don wanda gwiwarsa ta lalace yana da shekara talatin da biyar, ba fansho ba asibiti, ba zai gode wa mai yabon tsohon tsari ba. An sha ganin tsofaffin gwanaye da suka cika fili a zamaninsu sun ƙare suna jiran abin da za a miƙo musu a bakin ƙofar filin.

Akwai kuma zancen asiri, wanda ba a raba shi da kokowa. Ɗan wasa na shigowa da guraye a ƙugu, kambu a damtse, layu a wuya, gorar rubutu a hannun yaronsa, ya tsuguna ya tona rairayi ya binne abin da ya binne. A ƙasar da Innar Gobir ke zaune a Tsibiri da martabarta, ƙasar da bori da al'adun Anna suka daɗe, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma ita ce kuma ƙasar da wa'azin Izala ya yi ƙarfi tun shekarun 1980, kuma malamai da yawa ba sa kallon kiɗa da tsiraicin cinya da layu da idon rahama. Akwai gidajen da a da za su yi alfahari ɗansu ya fita fili, yau sai su hana. Duk da haka ranar karon ƙarshe kasuwa takan yi shiru, kuma ba a cika tambayar wanda ya matso kusa da rediyo wane masallaci yake salla ba.

Abin da ya fi wa'azi da kuɗi taɓa saiwar shi ne halin da ƙauyen kansa ke ciki. Ƙasar Agye da Gazawa na cikin mafi cunkoson jama'a a karkarar Nijar. Gonar da kaka ya sassabe shi kaɗai yau jikoki ashirin ke rabonta, ba sauran saura, ba sauran daji. Manoman Ɗan Saga da maƙwabtansu sun yi suna a duniya wajen rainon kututturen itatuwa a cikin gona har ƙasa ta sake yin inuwa, amma ko wannan bai hana samari tafiya cin rani ba. Da an gama girbi, lokacin da a da ake ɗaure ganga, sai motocin Kano da Legas da Agadas su cika, wasu har Libiya da Aljeriya. Dandali na nan, wata na fitowa, masu shiga ne suka ragu. Ta yamma kuma, tun 2019 gundumar Gidan Rumji ta karɓi dubban 'yan gudun hijira da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato, aka zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Satar shanu da satar mutane suka ƙetaro iyaka. A garuruwan da ke kusa da daji, taron dare da kiɗa ya zama abin da sai an yi shawara.

Su kuwa waɗanda suka zo ɗin Gobirawa ne da Zamfarawa da Katsinawa, jikokin mutanen da kakannin masu masaukinsu suka baro shekara ɗari biyu da suka wuce. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, kuma yaransu sun iso da irin kamun da yaran Cadakori suka sani. Da yamma, in rana ta yi sanyi, ana ganinsu a rairayin bayan gari, baƙo da ɗan gida, an tuɓe riguna an ajiye gefe, wani ƙaramin da bai kai shiga ba yana buga gwangwani a madadin ganga.